Ƙwan agwagwa ya kwana 29 a inji bai fasa ba, in zubar ne ko in jira?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin maigida ya ce gobe in fitar da ƙwan nan kafin ya fashe mana a ɗaki.

A Zariya nake. Watan jiya na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 64, irin mai juya ƙwai da kansa. Rana ɗaya na zuba ƙwan kaji 30, na salwa 24, da na agwagwa 10. Na agwagwar daga gidan maƙwabciyata na karɓo, na kajin kuwa rabi na kajina ne, rabi na saya a kasuwa. A rana ta 17 salwa suka fara fitowa, na samu 9, duk wanda ya fito sai in buɗe in ɗauke shi. Kaji kuma 7 kacal na samu cikin 30. Da na fasa sauran, wasu ruwa ne tsagwaro kamar yau aka saka su, wasu da ɗan jini, amma guda 11 tsaki ne cikakke har da gashi, ya mutu a ciki, tantanin ƙwan ya manne masa kamar an naɗe shi da leda. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. An ɗauke wuta sau biyu, ɗaya kusan dare guda. Yanzu na agwagwa yau kwana 29, shiru. A intanet na ga an ce kwana 28 ne. Ina kuskuren yake, kuma me zan yi da waɗannan goman?

Hajiya Mai Agwagi:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki zubar! Fara tambayar maƙwabciyarki wace irin agwagwa ce. In irin tamu ce ta gida, mai jan tsoka a fuska, wadda toronta ba ya kuka sai huci, to kwananta 35 ne, wani lokacin har ta ƙara ɗaya ko biyu. Mai kwana 28 ita ce farar nan ta Turawa mai yawan kwakwazo. Mutane da yawa sun zubar da ƙwai da rai a ciki saboda wannan lissafin. Yau da dare ki kashe fitilar ɗaki, ki ɗora fitilar wayarki a gefen ƙwan mai faɗi. Wanda ya yi duhu ya cika, sai ɗan fili a sama, akwai rai ko an kusa. Wanda haske ya ratsa shi fes, ko kika ji ruwa na kaɗawa, ko yana wari, baragurbi ne, ki cire shi tun bai fashe ya ɓata 'yan'uwansa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya Allah ya saka da alheri. Mai jan fuskar ce. Na haska yanzu, 6 sun yi duhu, har na ga kamar motsi a guda biyu. Huɗun na cire, ɗaya ma har ya fara tsatsafo da wani ruwa.

Baban Abba Mai Inji:
Alhamdu lillahi da Hajiya ta riga kowa. Ni kuma bari in tsaya a kan tsakin nan 11, domin su ne suka faɗa mana abin da ya faru.

Tsakin da ya kai ga yin gashi ya mutu da tantani a manne, yawanci bushewa ce ta kama shi a kwanakin ƙarshe. Duba lokacin da kika yi aikin: tsakiyar hunturu, lokacin da leɓen mutum ma ke tsagewa. Ƙwan kaza yana son zafi digiri 37.5 da danshi wajen kashi 50 zuwa 55 cikin 100 har rana ta 18. Daga nan sai a daina juyawa, a ɗaga danshi zuwa 65 ko 70, a rufe inji a ƙyale shi. To ke a daidai waɗannan kwanakin kike buɗewa kina kwashe salwa. Duk buɗewa ɗaya, tururin da ya taru ya fice, iskar hunturu ta shiga. Tsakin da ya riga ya huda ɓawo, tantaninsa nan take yake bushewa ya ƙanƙame shi, ya kasa juyawa ya zagaye ɓawon.

Asalin matsalar ita ce haɗa iri uku a inji ɗaya rana ɗaya. Salwa kwana 17 zuwa 18, a daina juya ta a rana ta 14. Kaza 21, a daina a ta 18. Agwagwarki 35, sai wajen ta 32. Injinki kuwa abin juyawarsa ɗaya ne, ruwansa ɗaya. In kin tsayar saboda salwa kin cuci kaza da agwagwa, in kin bari yana juyawa kin cuci salwa. Ga kuma gashi da ƙazantar waɗanda suka fara fitowa suna zuba a kan ƙwan da ya rage. Ba laifin injin ba ne, kada a sayar. Zubi ɗaya, iri ɗaya.

Sai abu biyu. Kada ki yarda da lambar da ke fuskar injin ita kaɗai. Irin waɗannan ƙananan sukan nuna 37.5 alhali ciki ya gaza ko ya zarce, don haka ki sa wani ma'aunin zafi a ciki, daidai tsayin ƙwan, ki gwada su. Sannan danshi da faɗin fuskar ruwa yake tafiya, ba da zurfinsa ba. In kin cika kwatamin ruwan bai ɗaga ba, ki jiƙa soso mai tsabta da ruwan ɗumi ki ajiye a gefe. Kuma kada ki toshe ramukan iska don neman danshi, tsakin da ke shirin fitowa ya fi kowane lokaci buƙatar numfashi.

Ummu Salma:
Ni ma haka ta same ni bara. Amma ni da na ga tsaki ya huda ya tsaya, ɓare masa nake da farce, kuma wasu suna rayuwa.

Baban Abba Mai Inji:
Anti Ummu Salma, wasu na rayuwa, gaskiya ne, amma a yi hattara. Bayan ya huda, tsaki yakan huta awa 12 har zuwa 24 yana shanye gwaiduwar da ta rage a cikinsa, jijiyoyin jinin da ke jikin tantani suna janyewa. In aka yi garaje aka ɓare, jini ne zai zuba, ko ya fito da cibiya a buɗe. Ɗan agwagwa ma ya fi jinkiri, yakan kai kwana biyu tsakanin huda da fitowa. In ya wuce haka yana kuka bai ci gaba ba, a ɓalle ɓawo kaɗan kaɗan ta gefen ƙwan mai faɗi, inda filin iska yake, a shafa ruwan ɗumi a tantanin nesa da hancinsa. Da an ga jini a tsaya, a mayar.

Inna Ta Gidan Liman:
'Yan nan, ni ban san inji ba, jikata ke rubuta mini wannan. Shekara da shekaru ina kiwo, kaza ce injina. Idan kaza ta yi kwanci, ki gyara mata gurbi a lungu mai inuwa, ki barbaɗa toka a ƙasa saboda ƙuma, ki sa mata ƙwai 10, in babba ce 12. Da dare ake sa mata, ba ta gardama. Ita za ta juya, ita ta san lokacin tashi ta sha iska, ba ruwanta da ɗauke wuta, kuma in ta ƙyanƙyashe ita za ta yi reno ta yi faɗa da shirwa. Da damina ƙwan zabi nake sa wa kaza, ta kwanta masa mako huɗu ta fitar. Na agwagwa kuwa ki bar wa agwagwa abinta, ba a fi ta haƙurin kwanci ba. Kaza takan gaji ta tashi kafin mako biyar ya cika. Ki lura da agwagwa in tana kwanci: takan fita ta yi wanka ta dawo da jiƙaƙƙen ƙirji ta kwanta. Wannan laimar ƙwan yake so.

Baban Abba Mai Inji:
Inna ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Shi ya sa masu inji ke yayyafa wa ƙwan agwagwa ruwan ɗumi sau ɗaya a rana, a bar shi ya sha iska minti 10 ko 15. Maman 'Yan Biyu, ki yi haka zuwa rana ta 32, daga nan ki cire abin juyawa, ki shimfiɗa tsumma, ki kwantar da su, ki ƙara ruwa, ki rufe. Salwa ce dai dole sai inji, don ta keji ba kasafai take kwanci ba.

Maganar wuta: in an ɗauke, kada ki buɗe, ki lulluɓe injin da bargo ki bar ɗan wurin iska. Ƙwai na jure 'yan awoyi, sai dai fitowa ta yi jinkiri. Dare guda a sanyin Zariya kam zai kashe wasu, wataƙila su ne masu ɗan jinin nan. Duba bayan injinki, da yawansu suna da wurin haɗa batir mai bolt 12. In akwai, batirin mota ko na sola zai riƙe miki. In babu, gorar ruwan zafi a naɗe da tsumma a jingina a jikin injin ƙarƙashin bargon ta fi babu.

Abu Mai Kaji, Funtuwa:
Ba wanda ya taɓo ƙwan kasuwa. Maman 'Yan Biyu, waɗanda kika gani ruwa tsagwaro, ina kyautata zaton su ne. Ƙwan kiret na gidan gona babu zakara a kansa, ko shekara zai yi a inji ba abin da zai fito. Na kajin gida da ake kawowa ranar kasuwa kuma ba ki san kwanansa ba, ga rana, ga girgizar mota. Ƙwan ƙyanƙyasa kada ya wuce mako guda, a ajiye shi wuri mai sanyi, tsinin a ƙasa, kuma ba a wanke shi. Zakara ɗaya lafiyayye ga kaji 8 zuwa 10. Ki riƙa haskawa a rana ta 7: mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, wanda ya mutu da wuri zobe ne na jini.

Maman 'Yan Biyu:
Na kiret ne kuwa guda 10 daga ciki, Malam Abu, ban sani ba. Wata tambayar: cikin salwa 9, uku sun mutu, biyu a cikin ruwan shansu na tsince su. Biyu kuma ƙafafunsu sun buɗe, ba sa iya tsayawa.

Mai Salwa Na Bukuru:
Allah ya mayar da alheri, 'yar'uwa. Ɗan salwa bai fi babban yatsa ba, ruwan da bai kai rabin gaɓa ba yana iya halaka shi. Ki sa ruwan a murfin roba mara zurfi, ki cika shi da tsakuwa wankakkiya, su riƙa sha ta tsakankani. Buɗewar ƙafa kuwa santsi ne, ina jin a kan jarida ko leda ko tayil kika sa su. A shimfiɗa tsohon tawul ko buhun algarara a makon farko. Da a kwanakin farko ne, da an ɗaure ƙafafun da ɗan filasta sun daidaita, yanzu da suka kwana goma sha wani abu da wuya su miƙe, amma ki gwada. Abincin 'yan tsaki na buhu ki daka shi ya yi laushi, tsakin hatsi da dusa kaɗai ba za su gina su ba, salwa ta fi kaza buƙatar abinci mai gina jiki. Ɗumi wajen digiri 35 a makon farko, a riƙa ragewa duk mako. Su da kansu za su nuna miki: in sun cunkushe ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. In kaskon gawayi za ki sa, sai ya ruru hayaƙi ya ƙare, kuma a bar taga.

Daɗin salwa shi ne saurinta, mako 6 zuwa 8 ta fara ƙwai. Macen ƙirjinta ɗigo-ɗigo ne, namijin ja-ja ne babu ɗigo. Namiji ɗaya ga mata 3 ko 4, in maza suka yi yawa sai su fige wa matan kai.

Likitan Dabbobi A Gidan Nan:
Ƙari ɗaya, don kada a sha wahalar ƙyanƙyasa cuta ta zo ta kwashe. Hunturu ne lokacin fakat, annobar nan ta kaji. Alamarta kashi kore, haki, sauke fukafukai, wani lokacin wuya ya murɗe, kuma ba ta da magani, sai rigakafi. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, akwai I-2 da ake ɗigawa a ido, wadda ta fi jure zafin hanya, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin su. A maimaita duk wata 3 zuwa 4 ga kajin gida. Ga kuma ta cutar Gumboro ga 'yan tsaki. Ki saya inda ake ajiyewa a firiji, ki ɗauko da ƙanƙara, in an haɗa a yi amfani da ita cikin awa ɗaya ko biyu. Kafso na mutane da ake juye musu a ruwa ba ya yi wa fakat komai.

Idan 'yan agwagwar sun fito, ki ware musu wurinsu da ruwansu. Suna jagwalgwala ruwa su jiƙa shimfiɗa, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuma ita ke kawo wa 'yan tsaki kashin jini. Sannan agwagwa na iya ɗaukar murar tsuntsaye tana yawonta lafiya. Waɗanda suka yi kiwo a 2006, lokacin da cutar ta fara ɓulla a jihar Kaduna, ba su manta ba. Duk tsuntsun da aka sayo a kasuwa a killace shi mako biyu kafin ya shiga cikin na gida.

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Shekaranjiya, rana ta 34, da asuba na ji ƙaramin kuka daga cikin injin. Na leƙa ta murfin, ɗaya ya huda. Na daure ban buɗe ba, soson ma ta ramin zuba ruwa na riƙa jiƙa shi. Yau rana ta 36, huɗu sun fito, sun bushe, rawaya da baƙi, suna cikin kwali a kan tawul da ruwa mai tsakuwa. Na biyar ya huda tun jiya da la'asar, yana kuka, bakinsa a waje, ina jira ya cika kwana biyun da Baban Abba ya ce. Na shida na haska babu motsi. An samo mini batir, kuma wata baƙar kazata ta fara kwanci, daren nan zan sa mata 10 na gida kamar yadda Inna ta ce.

Hajiya Mai Agwagi:
Ma sha Allah, barka 'yata. Kada ki bar su su shiga ruwa mai zurfi tukuna. Waɗanda uwa ta ƙyanƙyashe suna samun maiƙo daga jikinta, na inji ba su da shi, gashinsu jiƙewa yake sanyi ya kama su. Ruwan da za su iya tsoma baki har hanci ya ishe su zuwa 'yan makonni. Na biyar ɗin, in ya kai gobe da la'asar bai zagaya ba, ɗauko hoto ki turo mu gani kafin ki taɓa.