Ɗana ya ce in Allah ya fi Shaiɗan ƙarfi, me yake jira?

Mai tambaya: Salama cikin sunan Yesu. Don Allah a sakaya sunana. 'Yata ta rasu wata huɗu ke nan, tana da shekara 9, ciwon sikila ne. Tun ranar jana'iza yayanta ɗan shekara 16 bai sake taka ƙofar majami'a ba, shi da yake buga ganga a ƙungiyar mawaƙa. Shekaranjiya na matsa masa, sai ya ce, "Mama, ke kika koya mana Allah ya fi Shaiɗan ƙarfi. To me yake jira? In zai iya hallaka shi yau amma ya bar shi, ashe da yardarsa aka yi mana wannan." Shekarata 11 ina koyarwa a makarantar Lahadi, amma bakina ya mutu. Abin da ya ƙara dagula yaron, a zaman makoki wata ta faɗa a gabansa wai aikin Iblis ne, akwai ƙofar da muka bari a buɗe a gidanmu. Me zan ce masa?

Wata 'yar zumuntar mata: Sannu da haƙuri 'yar'uwa. Wannan ruhun shakka ne yake so ya shige shi. Ki ɗauki azumin kwana uku, ki kai shi wurin fasto a ɗora masa hannu. Ba a yi wa Allah tambaya.

Wani mai bishara: Mama, da girmamawa, ana yi. Annabi Habakuk da tambaya ya buɗe littafinsa, yana cewa har yaushe zai yi ta kuka Ubangiji bai ji ba. Zabura 13 ma haka. A yi azumin, amma kada a nuna wa yaron cewa aljani ne ya hau shi.

Ɗalibin makarantar tauhidi: Mama, abin da muka koya shi ne Allah bai halicci Shaiɗan a matsayin mugu ba. Halitta ce mai kyau da ta tayar wa Mahaliccinta. Da yawa suna kafa hujja da Ishaya 14 da Ezekiyel 28, ko da yake a zahiri da sarkin Babila da na Taya ake magana a wurin, don haka a bi a hankali. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu take Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi shekaru yana bin masu cewa iko biyu ne ke kokawa, na haske da na duhu, kafin ya rabu da su. Daga baya ya koyar da cewa mugunta ba wata aba ce da aka halitta ba, lalacewar abu mai kyau ce, kamar yagewa a jikin riga. Allah ya ba mala'iku da mutane 'yancin zaɓi, don ƙaunar dole ba ƙauna ba ce, kuma wanda zai iya cewa i zai iya cewa a'a.

Mai tambaya: Na gode ɗana, amma maganar zaɓin nan na riga na gwada. Ya ce, "Ita me ta zaɓa?" Sai na fashe da kuka.

Ɗalibin makarantar tauhidi: Gaskiyarsa. Wannan amsar tana aiki a kan ɓarawo da mai kisa, ba ta kai ga ciwon yarinya ba. Na janye.

Wata nas: Ni dai maganar "ƙofa a buɗe" ce ta ɓata min rai. Sikila gado ce ta jini. In uwa AS ce, uba ma AS, wato suna ɗauke da gadon amma ba su da ciwon, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai ciwon sikila, ko gidan fasto ne ko gidan boka. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na kowa ba ne, yana nan a Yohanna 9. Ki faɗa wa yaron ƙarara cewa matar nan ta yi kuskure. Wataƙila yana can yana lissafin zunubansa, yana zaton shi ne ƙofar. Kuma in ba a taɓa gwada jininsa ba, a gwada.

Wani dattijon ikkilisiya: 'Yata, na binne 'ya'ya biyu, don haka ki ba ni dama in ɗan daɗe. Yaron nan bai yi saɓo ba da ya ce da yardar Allah aka yi. Littafin Ayuba ma haka ya nuna: sau biyu Shaiɗan yana zuwa gaban Ubangiji, sau biyu ana shata masa iyaka, da farko kada ya taɓa jikin Ayuba, daga baya kada ya taɓa ransa. A Luka 22 ma sai da ya nemi izini kafin ya sheƙe su Bitrus kamar alkama. Kare ne a ɗaure. Wannan yana kwantar da hankali, yana kuma tayar da shi, don igiyar tana hannun Allah, kuma abin da ɗanki ya gano ke nan. Kada ki yi ƙoƙarin wanke Allah da ƙarya.

Abin da ya riƙe ni a lokacin nawa shi ne abokan Ayuba. Kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma nan ne kaɗai suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna nemo masa laifi, a sura ta 42 Allah ya husata da su, ya ce Ayuba, mai ƙorafin nan, shi ne ya faɗi gaskiya a kansa. Kuma ki lura, tun daga sura ta 38 da Allah ya yi magana cikin guguwa har ƙarshen littafin, bai taɓa gaya wa Ayuba dalilin ba. Mu masu karatu ne muka san abin da ya faru a sura ta fari. To in Ayuba bai samu dalili ba, ke ma ba laifi ki ce wa ɗanki, "Ban sani ba, ni ma ina tambaya."

Wani manomi: Baba ya gama magana. Zan ƙara kan "me yake jira" kawai. A Matiyu 13 bayi sun so su tuge ciyawar da magabci ya shuka, maigida ya hana, kada a tuge har da alkama. Duk mai noman gero ya san shibra, da wuya ka bambance ta da gero sai sun fitar da kai. Ranar Shaiɗan tana nan a Ru'ya ta Yohanna 20, tafkin wuta. Ni ma jinkirin yana min tsawo, ba zan ɓoye ba.

Wata 'yar zumuntar mata: Ni dai har yanzu ina ganin a kai shi wurin fasto.

Mai tambaya: Allah ya saka muku. Daren jiya na shiga ɗakinsa na ce masa ban san amsar ba, kuma matar nan ba ta faɗi gaskiya ba. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce ranar da ciwon ya tashi ya yi wa ƙanwarsa tsawa don ta taɓa wayarsa, tun lokacin abin yana cinsa. Nas, kin canka. Mun yi kuka tare har wajen ƙarfe ɗaya. Bai ce zai koma majami'a ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya dai ce ranar Asabar in raka shi kabarinta, kuma yana so ya san ko Baba dattijo zai yarda su yi magana ta waya.

Wani dattijon ikkilisiya: Ki turo min lambarsa ta akwatin sirri. Bayan ƙarfe huɗu ina gida.