Hotunan tallan taronmu sun ƙi zama iri ɗaya, a taimaka

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata masu ɗinki da turaren wuta da kayan fulawa za ta yi baje koli a nan Kano bayan Ƙaramar Sallah, ni aka ɗora wa tallan a intanet. Muna da shafi a Facebook da Instagram da X, ga kuma zauren WhatsApp. Yaron da ya zana mana fosta ya yi ƙoƙari, sai dai hoto ɗaya tal ya ba mu. Na sa shi a hoton fuskar shafi, sunan taron ya gutsure. Na ɗora shi a saman Facebook, a waya kan shugabarmu ya ɓace. Mambobi kuma kowacce ta ɗauka ta canza masa kala, wata shunayya, wata ruwan goro. Yaya ake yi a ga abu ɗaya ko'ina? Ba ni da kwamfuta, waya ce kawai.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Fosta ba ta zama hoton fuska, ko wa ya zana ta. Duk shafukan nan da kika lissafa a da'ira suke nuna hoton fuska, kusurwoyin nan huɗu yanke su ake yi, kuma a gefen sharhi hoton bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Shi ya sa ni daga nan nake fara aiki, fosta ta zo ƙarshe. Tambarin taron kaɗai, ko haruffa biyu zuwa uku, a tsakiya, a kan kala ɗaya. Ba kwanan wata, ba lambar waya, ba "ƙarƙashin jagorancin". Ki zana shi murabba'i, faɗi da tsayi 1080 da 1080 a ma'aunin piksel (ɗigon hoto), ki bar fili a kewaye. In kin gama ki ajiye wayar a tsawon hannu ki duba. In ba ki gane shi ba, rage kaya.

Sauran kuma kowanne da awonsa. Saman X 1500 ne da 500, kuma hoton fuska yana hawa kan gefen hagu ta ƙasa, kada ki sa rubutu a wurin. Hoton taro a Facebook 1920 da 1005. Sitatus na WhatsApp 1080 da 1920. Hoton da ake ɗorawa a shafin Instagram 1080 da 1350. Saman shafin Facebook shi ne mai rigima, domin yadda kwamfuta take yanke shi daban, waya daban. Maganinsa ki tattara suna da rana da wuri a tsakiya, gefuna su zama ado kawai, wanda ko an yanke ba asara.

Batun kala, ki daina ce wa mutane "kore". Kore kala nawa ne? Ki zaɓi kala biyu, uku in ta kama, ki rubuta lambarsu, misali koren tutar Najeriya #008751 ne. Wannan lambar ko a manhajar zane ta Canva ko ta PixelLab aka sa, abu ɗaya za ta fitar, kuma duka biyun suna aiki a waya. Salon rubutu ma biyu sun isa: mai kauri na kanun, siriri na bayani.

Ummu Sudais:
Ƙari a kan na Malam: kafin ki zaɓi salon rubutu, ki gwada shi da ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin masu ƙyalƙyalin nan ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ki ga akwati a wurin, ko harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su. Taron masu ɗinki a rubuta "dinki" a babban allo, ai da kunya.

Mai Buga Fileks:
Ni ɓangarena na ƙarshe ne amma nan ake kuka. Kalar waya haske ce, tamu tawada ce, don haka shuɗi da shunayya masu walƙiya suna dusashewa a fileks. Ki sa a buga miki ƙaramin gwaji kafin babban. Kuma don Allah a turo mana aiki a matsayin dokumen, WhatsApp yana matse hoto in an tura shi kai tsaye.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura matsala ɗaya: shugabarmu ta ce lallai hotonta da na uwar taro da na babban baƙo su fito a komai, har hoton fuska. Su kuma mambobi yaya zan hana su taɓawa?

Ɗan Fagge:
Hajiya, wannan ba a jayayya da manya a kai, nuna musu ake yi. Haɗa guda biyu, ɗaya da mutum uku a cikin da'irar, ɗaya da tambari, ki miƙa mata wayar ta gani da idonta. Sannan ki ba kowannensu fostarsa shi kaɗai, hoto babba, da suna da muƙami, a kan kalolin nan da salon rubutun nan. Yawanci sun fi son haka ma, don su za su yaɗa ta da kansu.

Mambobi kuwa hana su ba zai yiwu ba, ba su abin yi za ki yi. Da can Facebook yana barin kowa ya ƙirƙiri firam na hoton fuska, amma tun 2022 ya rufe wa jama'a wannan ƙofar. Yanzu shafukan intanet na GetDP ko Twibbonize ake amfani da su: ki zana firam mai rami a tsakiya, ki ajiye shi a tsarin hoto na PNG marar bango, ki ɗora, ki tura musu mahaɗin. Kowacce ta sa fuskarta, ko hoton kayanta in ba ta son fitar da fuska, kalar taron kuma tana nan yadda kika sa ta.