Ta ina zan shiga binciken girman ƙwayar halitta?

Assalamu alaikum malamai da yayyena. Daga Birnin Kebbi nake, na gama digiri a fannin bayoloji, na yi bautar ƙasa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ƙwayar halitta ke sanin ta kai girman rabuwa. A yis ɗin burodi, furotin Whi5, wanda ke hana ƙwayar fara shirin rabuwa, yakan tsarke, wato ƙarfinsa ya ragu, yayin da ƙwayar ke girma, sai ta samu damar fara shirin rabuwa. Wannan nake so na bi har digiri na uku, amma ban taɓa riƙe madubin ganin ƙananan halittu da ke haska furotin ba. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na bunƙasa ilimi mai zurfi, kuwa na malaman manyan makarantu ne.

Shin na fara digiri na biyu a gida, ko na nemi tallafin karatu na hukumar DAAD ta Jamus kai tsaye? Don Allah a taimaka.