Faifan kiɗan fim: a saya ko a bari?

Da aka tattauna ko ya dace a sayi faifan kiɗan fim, irin wanda babbar ƙungiyar makaɗa ke yi da goge, ƙaho, sarewa da ganguna, yawancin masu tattaunawar sun tsaya kan abu guda: ka fara saurarensa ba tare da kallon fim ɗin ba. Akwai kiɗan da hoto ne ke riƙe da shi. Ana gumurzu a allo, ganguna na rugugi, tsigar jikinka ta tashi. Da ka cire hoton, hayaniya ce kawai ta rage. Wanda ya cancanci kuɗinsa shi ne mai jigo, wato ɗan karin da ke bin jarumi, nan sarewa ta busa shi a hankali, can gaba ƙahonni su ɗauke shi da ƙarfi.

Wasu sun ja kunne a duba bayan faifan tukuna. Fim ɗaya kan fito da faifai biyu, na waƙoƙi da na kiɗa zalla, ana kuwa yawan ruɗewa. Sannan CD ba ya wuce kusan minti 80, shi ya sa ake yanke wasu sassa, a sake jera sauran.

An rabu kan cikakkiyar fitowa mai faifai biyu ko uku, wadda ke ɗauke da duk kiɗan ba a yanke ba. Ni dai gajeren mai faifai ɗaya ya fi kwanta mini, don dogon cike yake da guntaye na ƙasa da minti ɗaya. Amma duka an yarda cewa sai da lasifika mai kyau za ka ji manyan goge masu kaurin murya, lasifikar waya ba ta fitar da su.