Ciwon da aiki ya jawo a hankali: wace rana kuka rubuta a fom?

Mai ɗinkin buhu, Sharaɗa: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara tara ina kan keken ɗinkin buhu. Yanzu yatsuna uku na dama sun mutu, cikin dare sai in farka ina yarfe hannu. Na karɓo fom ɗin diyya, sai ga gurbin ranar da aka ji rauni. To ni ban faɗi ba, inji bai kama ni ba. Wanda ya taɓa shiga wannan, me ya rubuta?

Direban tirela: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi irin tawa. Na rubuta shekarar da bayana ya fara ciwo, wai ni mai gaskiya, a ofishin kamfaninmu aka ce ai na makara. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, ke kula da ita, shekara ɗaya ta bayar a shigar da buƙata, uku in akwai uzuri mai ƙarfi. Sai da lauya ya zaunar da ni ya ce ciwon da kake cije baki kana tuƙi da shi daban, ranar da ya sauke ka daga mota daban. Ranar da likita ya hana ni tuƙi muka mayar.

Mai jinyar tsofaffi, Kalifoniya: Yaya, mu nan Amurka a fili aka rubuta yadda ake tsayar da ranar, sashe na 5412 na dokar ƙwadago. Sai abu biyu sun haɗu: ciwon ya nakasa ka, kuma ka san, ko ya kamata ka san, aikin ne sila. Kafaɗata ta daɗe tana damuna saboda ɗaga marasa lafiya, ina ta shafa man zafi. Ranar da likita ta rubuta cewa aikin ne, ta ba ni hutu, daga nan aka fara lissafi.

Tsohon ma'aikacin masaƙa: Mu nan Najeriya, ka sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 14, ka riƙe kwafi. Ni da baki na gaya wa oga cewa kunnena ya toshe, daga baya ya ce sam bai tuna ba.

Mai ɗinkin buhu, Sharaɗa: Allah ya saka da alheri. Na duba katin asibitina, sanyin ƙashi kawai aka rubuta, ko aikin ba a ambata ba. Ranar Litinin zan koma wajen likitan, in Allah ya kai mu.