Me ke haɗa kan jam'iyyun Amurka biyu a batun tsaro, me kuma ke raba su?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. 'Yan Dimokrat da 'yan Rifablikan ba sa ga maciji da juna kan haraji da baƙin haure, amma in aka zo batun Rasha ko Chaina wani lokaci sai ƙuri'a ta tafi kusan baki ɗaya, wani lokaci kuma a shafe watanni ana ja-in-ja. Masana, me ke jawo haka?

Ɗan Gangare:
Wa'alaikumus salam, Malam. Tsarin majalisar ne ke tilasta musu. A Majalisar Dattawa mai kujeru 100, sai an samu ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara kan yawancin ƙudurori, yarjejeniya da wata ƙasa kuma sai kashi biyu bisa uku. Da wuya jam'iyya guda ta tara wannan adadi ita kaɗai.

Dubi dokar manufofin tsaro ta shekara-shekara, wadda ta wuce shekara 60 ana zartar da ita ba fashi. Kwamitin sojoji na kowace majalisa ne ke rubuta nasa, a bi shi sashe-sashe ana gyara, sannan shugabannin kwamitocin biyu da jagororin marasa rinjaye su zauna su daidaita. Albashin soja na ciki, haka sansanoni da masana'antun makamai da ke mazaɓu da dama, don haka kowa na da abin da zai rasa in ta faɗi. Da Trump ya hau kujerar naƙi a Disamban 2020, dattawa sun tsallake shi da ƙuri'a 81 da 13. Sai dai a lura, wannan doka izini take bayarwa, sakin kuɗin kuwa wata doka ce daban, kuma a can rigima ta fi yawa.

Kwamitin leƙen asiri na dattawa ma da gangan aka gina shi a 1976: masu rinjaye kujera ɗaya tak suka fi, mataimakin shugaba daga ɗaya ɓangaren yake. Shi ya sa suka iya fitar da rahoto mai juzu'i biyar tare kan katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016, alhali takwaransu na Majalisar Wakilai ya dare gida biyu.

Uwar Ɗaki:
Haka ne, ɗan'uwa. Abin yana lalacewa ne in an ɗaura tsaro da rikicin cikin gida. Tallafin Yukiren na kusan dala biliyan 61 an nema tun Oktoban 2023, aka haɗa shi da batun iyakar Meziko, ya maƙale har Afrilun 2024. Kakakin Majalisar Wakilai Mike Johnson ya raba ƙunshin tallafin ƙasashen waje da na Yukiren ke ciki gida huɗu, kowane da ƙuri'arsa, sai na Yukiren ya wuce da 311 da 112. Masu goyon baya suna nan tun farko, hanyar kaɗa ƙuri'ar ce aka toshe.

Na biyu, in shugaban ƙasa ya kauce wa majalisa. Yarjejeniyar nukiliyar Iran ta 2015 ba a kai ta dattawa a matsayin yarjejeniyar da ke buƙatar kashi biyu bisa uku ba, sai Trump ya fice a Mayun 2018 da sa hannu kawai. Shigar Finlan da Suwidin cikin NATO kuwa ta bi ta dattawa a 2022, ƙuri'a 95 da 1.

Malam Na Bakin Kogi:
Ni abin da ke damuna shi ne haɗin kan da tsoro ya haifa. Kwana uku bayan harin 11 ga Satumban 2001, majalisa ta ba shugaba izinin amfani da ƙarfin soja: dattawa 98 babu mai adawa, wakilai 420, Barbara Lee kaɗai ta ƙi. Ba a sa wa izinin wa'adi ba, ba a kuma ambaci ƙasa ba, gwamnatoci suka yi ta miƙa shi zuwa ƙungiyoyin da ba su ma wanzu a 2001 ba. Da aka kashe sojojin Amurka huɗu a Tongo Tongo ta Nijar a Oktoban 2017, Sanata Lindsey Graham da kansa ya ce bai san suna da dakaru masu yawa a ƙasar ba. Da an sa wa izinin ranar ƙarewa, dole a koma zauren majalisa a sake muhawara kafin a sabunta shi.