Musayar Waƙa: Bebe, Ɗan Ƙwallon Ci-rani

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Jiya a gidan kallo aka tayar da zancen Bebe, gardama ta ƙi ƙarewa. Ga baitina, mai amsa ya amsa.

Ina Bebe ne jama'a, ina labari?
A 2010 Manchester United ta saye shi da sauri,
Fam miliyan bakwai, har ma da ɗori,
Koci Ferguson bai ga wasansa ba tun fari.
Wasa bakwai, ƙwallo biyu, sai shiru ya rufe gari,
Ni dai na ce kuɗi sun bi ruwa, an yi asarar jari.

Malam Na Zariya:
Ƙanena Ɗan Fagge, ka ɗauko ta tsakiya,
Koma baya kaɗan ka ga farkon tafiya.
A 1990 aka haife shi, gefen Lisbon ta Portugal, cikin wuya,
Iyaye 'yan Cape Verde, kaka ta riƙe shi kamar maraya,
Sai Casa do Gaiato, gidan marasa gata, can ya sha tarbiyya.
Estrela da Amadora, rukuni na uku, nan ya buɗe hanya,
Kulob mai fama da bashi, har ya durƙushe gaba ɗaya.
Guimaraes ta ɗauke shi, sati biyar, ba wasan gasa ko ɗaya,
Sai Old Trafford, gidan United, ta yi kira. Kai da za ka ƙi? Faɗi gaskiya.

'Yar Maraɗi:
Malam, na gaishe ka, bari in ɗora kan ginawa.
An ba Besiktas aronsa, Turkiyya ya yi saukawa,
A 2011 jijiyar gwiwa ta tsinke, watanni ba takawa.
Ya koma gida, Rio Ave ta yi karɓawa,
A Pacos de Ferreira ƙwallo 12 ya yi zurawa,
Benfica ta saye shi, benci ya yi ta ɗumamawa,
Sai Sifaniya: Cordoba, Rayo, Eibar, ba tsayawa.
Abin da ke taɓa ni shi ne jakar da ba a kwancewa,
Sabon gari, sabon koci, sabon ɗaki na kwantawa.
Na ga yayyena na tafiya ci-rani, na san zafin rabuwa,
Duk mai neman abinci da ƙafarsa ina tausayawa.

Ɗan Fagge:
Yaya, na ji, kuma jikina ya yi sanyi,
Amma yawan sauya riga ai ba shi ne yabo ba.
Ku nuna mini inda ya zauna ya ɗau nauyi,
In babu, to ban sauka daga kan batuna ba.

Alhaji Na Kumasi:
Ɗana, matso kusa, zauna bisa tabarma,
Unguwar Vallecas a Madrid, ta masu aikin ƙarfi da fama,
Can Rayo take, can ya samu wurin zama.
A 2018 suka ci rukuni na biyu, suka hau sama,
Suka faɗo, a 2021 suka sake komawa, yana cikin masu hidima.
Zaragoza da Ferrol sun biyo baya, bai ce ya fi ƙarfin ƙananan ma.
Ya zaɓi ƙasar iyayensa, ya sa rigarta da girma,
Gasar Afirka a Abidjan, mu 'yan Ghana mun sha fama,
Biyu da ɗaya suka yi mana, har yau in na tuna sai in yi tagumi in zauna ma.
Ranar Mozambik fa? Yana da shekara 33, ƙafa ba ta yi rauni ba ko kama,
Bugun tazara daga wajen yadi 40, ƙwallo ta tashi sama,
Ta sauka a raga, gola ya bi ta da hannu bai kama.

Ɗan Fagge:
Baba, wannan bugun na gan shi da idona,
Uku da nema aka tashi, ihu har ya dushe muryata a wurin zamana.
Na bi su har wasan kusa da na kusa da ƙarshe, ina ta addu'a a raina,
Williams golan Afirka ta Kudu ya tare fenareti huɗu, ya ɓata mini kwana.
Kuɗin United dai sun yi yawa, wannan ban janye ba daga bakina,
Amma kalmar asara na janye ta, Malam da Yaya ku zama shaiduna.